Zaɓen na'urar sarrafa injuna a ƙananan masana'antu

Duk mai masana'antar ruwan leda, casar shinkafa ko matsar man gyaɗa a Garwa, Marwa ko Njamena, wata rana zai buƙaci sayen na'urar da ke ba injuna umarni, wadda injiniyoyi ke kira PLC. Farashi ne mutane suka fi tambaya, alhali abin da ke cinye riba shi ne kwanakin da injin zai yi a tsaye kafin a gano inda matsala take.

Idan aikin bai wuce cika tankin ruwa da tayar da famfo biyu ko uku ba, ƙananan na'urori irin LOGO! na Siemens ko Zelio na Schneider sun wadatar. Yawancinsu suna da ɗan allo a fuskarsu, don haka mai gyaran lantarki na unguwa zai ga wace waya ce ke kawo saƙo, wace ce ta yi shiru, ba tare da kwamfuta ba. Sai dai suna da iyaka, domin LOGO! 8 ba ya karɓar wayoyin saƙon kunnawa da kashewa fiye da 24.

Da zarar aikin ya haura haka, sai a duba manyansu. S7-1200 na Siemens, wanda ya shigo kasuwa a 2009, yana ajiye tarihin kurakuransa tare da lokacin da kowanne ya faru, abin da ke sauƙaƙa bincike ƙwarai idan injin na tsayawa cikin dare, gari ya waye babu wanda ya san dalili. Amma manhajar da ake rubuta masa umarni da ita, TIA Portal, sai da lasisi na kuɗi, kuma tana son kwamfuta mai ƙarfi. Modicon M221 na Schneider kuwa manhajarsa kyauta ce, haka ma DVP na kamfanin Delta na Taiwan, wanda yawanci ya fi su araha. A ganina, wanda ba shi da injiniya na dindindin gara ya karkata ga mai manhajar kyauta, matuƙar akwai wanda ya taɓa aiki da ita a garinsu.

Zafi ma abin lura ne. An ƙera M221 ya jure har digiri 55, S7-1200 kuma har 60, amma a watan Afrilu, lokacin da zafin waje ke haura 40, akwatin ƙarfen da na'urar ke ciki, a rufe ƙarƙashin rufin kwano, yana iya kusantar wannan iyaka. Ga kuma ƙurar hunturu da dusar shinkafa da ke toshe matatar fanka. A sayi akwati mai matakin kariya daga ƙura da ruwa na IP54 ko sama da haka, a haɗa da na'urar kare hauhawar wuta, musamman inda ake yawan komawa kan janareta.

Sau da yawa ma na'urar lafiyarta ƙalau. Waya ce ta kwance, ko fis ya ƙone, ko akwatin wutar bolt 24 ya gaji. Shi ya sa ya kamata ajiyar waɗannan ta shiga lissafin saye, domin jiran kaya daga Duwala ko Kano ba aikin kwana ɗaya ba ne.

Kafin a biya cikon kuɗi, mai masana'anta ya karɓi kwafin tsarin umarnin da aka loda, da kalmar sirrinsa, da zanen wayoyi a takarda. Wanda ya haɗa na'urar yana iya barin gari, kuma tsarin da aka kulle sau da yawa sai dai a sake rubuta shi daga farko.