Abokin tasowa ko wanda zuciya ta zaɓa: wanne za ki saya a cikin finafinan nan biyu

Ƙanwata, tunda kin ce kuɗin ɗaya kawai gare ki tsakanin Dil To Pagal Hai da Kuch Kuch Hota Hai, ki ɗauki na farkon. Duka biyun na mallake su, amma ɗaya ne har yau yake cikin akwatina a naɗe cikin leda, ɗayan kuwa tun da aka are shi ban aika a karɓo ba. Shekara ɗaya ce tsakaninsu, 1997 da 1998. Shah Rukh Khan ne ya ja su, sunansa Rahul a kowanne, Farida Jalal ta fito a matsayin uwa a dukkansu, kuma tsawon kowanne yana kai awa 3 ko kusa da haka. Inda suka rabu shi ne wajen amsa tambayar da ta dame ki, wato idan mutum ya tsaya tsakanin wanda suka shaƙu tun da jimawa da wanda zuciyarsa ta ce shi ne rabonsa, wa ya kamata labari ya ba shi.

Yash Chopra, wanda ya ba da umarnin Dil To Pagal Hai, ya ƙulla wannan tambaya har sau biyu a cikin labari guda. Rahul shugaban wata ƙungiyar rawa da wasan dandamali ne, babbar 'yar rawarsa kuma aminiyarsa ita ce Nisha, wadda Karisma Kapoor ta fito a matsayinta. Tana son sa a ɓoye, shi kuwa bai taɓa kallonta da wannan ido ba, domin yana cika baki cewa bai yarda da soyayya ba, alhali kullum zancensa wata Maya ce da ya ƙaga a ransa, har yana shirya wasa da sunanta. A ɗaya gefen akwai Pooja, wato Madhuri Dixit, marainiya da aminan iyayenta suka riƙe, ta tashi gida ɗaya da ɗansu Ajay, wanda Akshay Kumar ya taka rawarsa. Ana gab da tashinsa zuwa Landan, a filin jirgi, Ajay ya nemi aurenta, ita kuma ta amsa, ba don zuciyarta ta motsa ba, sai don ba ta ga bakin da za ta ce wa ɗan gidan da ya ciyar da ita ya tufatar da ita a'a ba. Daga nan Nisha ta ji ciwo a ƙafa wajen gwajin rawa, aka rasa mai hawa matsayin Maya, Rahul ya ci karo da Pooja tana rawa, ya roƙe ta ta shigo wasan.

Abin da ya sa nake fifita wannan fim shi ne bai sauƙaƙa wa kansa aiki ba. Hanyar da masu tsara labari suka saba bi idan suna son mai kallo ya goyi bayan sabon masoyi ita ce su ɓata tsohon, su mai da shi mashayi ko mai duka ko mai kwaɗayin dukiya, ta yadda rabuwa da shi ba za ta dami kowa ba. Ajay ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutum ne mai fara'a da sakin fuska, yana son Pooja tsakaninsa da Allah, mahaifiyarsa kuma tana shirin biki da murnar uwar da 'yar da ta raina ba za ta bar gidanta ba. Duk Bahaushen da ya san riƙo da auren zumunci zai gane nauyin da ke kan yarinyar nan ba tare da an yi masa fassara ba, domin ba tsoron duka ko tsinuwa ne ya ɗaure ta ba, kara ce da halacci, kuma su ne ɗaurin da mutumin kirki ya fi wahalar kwancewa. Saboda haka idan Pooja ta juya wa Rahul baya bayan ta riga ta san tana son sa, mai kallo ba ya ganin wautarta, yana ganin yarinya ce mai tarbiyya wadda aka sa a tsaka mai wuya.

Da goggona na fara kallon wannan fim, a zamanin kaset na bidiyo, lokacin da mata a Kano ba zuwa sinima muke yi ba, sai dai a kawo mana gida mu taru a ɗaki ɗaya bayan sallar Isha. Ita ba ta jin ko kalma guda ta Indiyanci, kaset ɗin kuma babu rubutun fassara a ƙasansa, amma babu abin da ya wuce ta. Ɗan kawunta aka aura mata tana ƙarama, suka zauna lafiya har Allah Ya yi masa rasuwa, don haka tun daga farko ta shiga ɓangaren Ajay, duk sanda Rahul ya bayyana sai ta ja tsaki ta kira shi mara kunya. A ƙarshen fim ɗin, daren da ake gabatar da wasan Maya, Rahul ya riga ya sauya ƙarshen wasan ya mai da shi na rabuwa, sai Ajay ya kunna wa jama'a wani kaset da Pooja ta naɗa da muryarta, inda take bayyana abin da ke ranta game da Rahul, ya nuna mata ke nan ya sake ta daga alkawarin da ta yi masa. Goggo ta yi shiru ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta ce, “Ai shi ne namiji a cikinsu.” Ba ta taɓa yafe wa Rahul ba, amma daga ranar duk baƙuwar da ta zo sai an kunna mata wannan wuri, har hoton ya fara rawa a daidai nan saboda yawan mayarwa baya.

Nisha ma an yi mata irin wannan adalci, har ma ina ganin ta fi kowa samun wurin nuna ciwonta. Ta warke ta dawo ta tarar wata ta hau matsayinta a dandamali da kuma a zuciyar amininta, aka haɗa su rawar gasa wadda babu waƙa a cikinta sai kiɗa da kallon kallo, daga baya kuma ta fito fili ta amsa cewa kishi ne yake cin ta, ba tare da an mai da ita muguwa mai ƙulla makirci ba. Wannan matsayi ne ya ba Karisma Kapoor lambar yabo ta ƙasar Indiya ta mataimakiyar jaruma, kuma ta cancanta. Kiɗan Uttam Singh da baitocin Anand Bakshi da muryoyin Lata Mangeshkar da Udit Narayan su ma suna ɗauke da rabin labarin. Ban ce fim ɗin ba shi da aibi ba. An cika tsawaita giftawar da Rahul da Pooja suke yi wa juna ba su haɗu ba, don a nuna ƙaddara ce take jan su, har abin ya kai ga gajiyarwa, sannan ɗan nunin da aka yi a ƙarshe cewa Ajay ya fara kallon Nisha rarrashin mai kallo ne kawai, da an bar shi da ya fi.

Kuch Kuch Hota Hai kuwa na saye shi ne don gari ya ɗauka, kuma ba zan hana shi haƙƙinsa ba: waƙoƙin Jatin da Lalit suna da daɗi, Kajol ta yi ƙoƙari, a matsayin aikin farko na Karan Johar babu laifi. Amma mutane suna yabonsa da cewa ya ba aminiya nasara, alhali Rahul ɗinsa bai zaɓe ta ba. A kwaleji ya bar aminiyarsa Anjali, wato Kajol, ya bi Tina, wato Rani Mukerji, ya aure ta, sai da ta rasu bayan haihuwa ta bar wa 'yarta wasiƙu 8, sai da yarinyar ta shirya haɗuwarsu a Shimla, sai da Anjali ta tara gashi ta ɗaura sari, sannan idonsa ya buɗe. Mutuwa ce ta yi masa zaɓi, Salman Khan kuma, a matsayin Aman mai shirin auren Anjali, shi ya yi asarar amarya ranar ɗaurin aurensa.

Idan kika jera su, za ki ga ɗaya yana kan ra'ayin masu cewa matar mutum kabarinsa, ɗayan yana ƙoƙarin ƙaryata masu cewa sabo turken wawa, amma abin mamaki shi ne wanda ya ba ƙaddara gaskiya shi ne ya fi girmama abokin tasowa. A Dil To Pagal Hai duk mutanen huɗu suna raye, suna kallon juna ido da ido, kowa ya san abin da zai rasa, kuma sakin da Ajay ya yi daga hannunsa ya fito bayan ya ji gaskiya da kunnensa. Wannan ci gaba ne idan aka tuna yadda manyanmu suka ga an warware irin wannan ƙulli a Sangam na Raj Kapoor a 1964, fim mai tsawon kusan awa 4, inda Sundar da Gopal da Radha suka taso tare, Radha tana son Gopal, Gopal ya danne son da yake mata saboda amininsa Sundar, Radha ta yi auren kara da Sundar ɗin, wata wasiƙar soyayya marar sa hannu ta tona asiri, a ƙarshe Gopal ya harbe kansa. Idan wata rana kuɗi ya samu, shi ne na biyun da zan ce ki nema, ba wanda kika ambata ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da wasu masu sayar da faifai da masu tura finafinai a waya. Akwai masu cusa finafinai da yawa a faifai ɗaya, kuma ba ya yiwuwa sai sun matse hoton ya dushe ko sun yanke waƙoƙi, a wannan fim kuwa idan aka cire raye-rayen an cire dalilin da ya sa Nisha take kuka. Akwai masu sa bangon wani fim a kan wani, musamman da yake jarumin ɗaya ne, akwai kuma masu sayar da memori na jabu wanda aka rubuta masa girman da bai kai ba, ki je gida ki tarar fim ya tsaya a tsakiya. Idan mai fassarar Hausa kike so, ki saurari ɗan wani wuri tukuna, domin wasu masu fassarar suna cika wuraren tausayi da barkwanci har ma su sauya abin da aka faɗa. Kada ki miƙa kuɗi sai an kunna a gabanki, ki duba tsawonsa ya kusa awa 3, sannan ki sa a kai shi can ƙarshe ki tabbatar wurin da Ajay yake kunna kaset yana nan kuma sautinsa yana fita. In mai shago ya ce sauri yake yi ko injinsa ya lalace, ki wuce shago na gaba.