Wasiƙa daga Graz: furen da Turawa ke cire wa hula

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigida da yara. A gaishe min da Inna da kyau. Kin ce in ba ki labarin abin da mutanen Ostiriya ke sha idan zafinsu ya zo, tunda ke sayar da zoɓo ne sana'arki, ko akwai dabarar da za ki ɗauka. To ga shi, amma sai kin yi haƙuri da surutuna.

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa tsakiyar Yuni, idan na bi ta bakin kogin Mur zan tafi aiki, wani ƙamshi ke tare ni, mai zaƙi-zaƙi kamar an haɗa zuma da lemo. Na wani ɗan itace ne da suke kira Holunder, mutanen nan kuma su gajarta su ce Holler. Ba wanda ya shuka shi, fitowa yake a bakin shinge da gefen gona kamar yadda sabara ke fitowa a wurinmu. Furensa fari ne, ƙanana-ƙanana, sun taru sun yi faɗin tafin hannu. Sati 3 ko 4 kawai yake yi ya wuce, shi ya sa kowa ke rige-rigen tsinka. Da shi suke yin wani ruwan sukari mai kauri, a zuba kaɗan a kofi, a cika da ruwa mai gas. Shi ne zoɓonsu.

Shekarata ta farko saura ƙiris in yi abin kunya. Na sha shi a gidan wata abokiyar aiki, ya yi min daɗi, sai na shiga wani kanti neman nawa. Na hangi wata doguwar kwalba mai ado kamar ta turaren amarya, ruwan ciki kamar zinariya, na ɗauka na nufi wurin biya ina ta mamakin tsadarta, don ta haura yuro 25. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta kalli ɗankwalina, ta kalli kwalbar, ta sa yatsa a ƙasan takardar da ke jiki: 20% vol. Giya ce, Yaya! Na ce innalillahi, na mayar. Ta kai ni wani layi daban ta nuna min wadda aka rubuta Sirup, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na waccan ba. Tun ranar na haddace kalmomi biyu: Sirup namu ne, Likör ba namu ba. A nan dole in yaba musu. Dokar Tarayyar Turai ta ce duk abin shan da barasar cikinsa ta wuce kashi 1.2 cikin 100 sai an rubuta a jikinsa, saboda haka mai karatu ba ya faɗawa rami.

Waccan mai adon sunanta St-Germain, a Faransa ake yinta. In kin ga kwalbar sai ki rantse tun zamanin kakanni take, alhali a 2007 wani Ba'amurke, Robert Cooper, ya fito da ita, kamfanin Bacardi kuma ya saye ta a 2013. Masu sha ba sa kurɓarta haka nan, ɗan kaɗan suke tsiyayawa a kan wata giya mai kumfa da ƙanƙara. Akwai kuma wani haɗi da ya cika gidajen shan iska na nan, Hugo, wanda aka ƙirƙira a 2005 a Tirol ta Kudu, arewacin Italiya: ruwan furen, ganyen na'a-na'a, lemon tsami, ruwan gas da giyar Prosecco. Idan mun fita da abokan aiki sai in ce a ba ni alkoholfrei, wato marar barasa, a kawo min shi a babban kofin gilashi da ganye yana yawo a sama, ba wanda zai yi min kallon banza. Ko su kansu, masu tuƙi da masu juna biyu shi suke sha.

Wadda ta koya min yi da hannuna tsohuwar maƙwabciyata ce, ta haura 80 amma ta fi ni saurin tafiya. Ta ce sai ranar da ba a yi ruwa ba, da hantsi, lokacin furen ya buɗe. Muka yanko kai 25 da almakashi muka zuba a kwando, ban da leda, don in ya gumu warin fitsarin kyanwa yake yi, kuma wallahi gaskiya ta faɗa. Da muka dawo na kai hannu zan wanke a famfo, sai ta buge min hannu kamar yadda Inna ke yi. Wai ƙamshin yana cikin wannan garin rawaya da ke jikin furen, in an wanke an zubar da shi. Karkaɗewa kawai ake yi ƙwari su faɗo. Muka narkar da sukari kilo 1 a ruwa lita 1, muka yanka lemon tsami, ta ƙara wani garin tsami na kanti, muka danna furen ciki muka rufe. Kwana 3 yana jiƙe, tana leƙawa tana juyawa. Sannan muka tace da ƙyalle, muka tafasa, muka ɗura da zafinsa a kwalaben da ta riga ta dafa. In an yi haka yakan kai har lokacin sanyi bai lalace ba. Ragowar furen ta tsoma a ƙullin fulawa da ƙwai ta soya, ta barbaɗa sukari. Ki ƙaddara wainar fulawa ce mai ƙamshin turare.

Abin da ya fi ba ni dariya, kafin ta yanka furen farko sai da ta ɗan rusuna wa itacen. Na tambaya, ta ce karin maganarsu ne: a gaban Holunder mutum hularsa yake cirewa. Mutanen da suna barinsa a kusa da gida don ya kare su daga tsawa da mugun abu, wai wata uwa ce ke zaune a ciki, wasu su ce Frau Holle ce ta cikin tatsuniyarsu. In ya bushe haka kawai, sai a ce za a yi rashi a gidan. A Denmak sunanta Hyldemor, ba a saran reshe sai an nemi izininta, ba a kuma sassaƙa gadon jariri da itacen, don za ta riƙa jan ƙafar yaro. A Ingila cewa suke wanda ya ƙona shi a murhu ya gayyato shaiɗan. Na ce ashe ba mu kaɗai ba! Na ba ta labarin yadda aka hana mu zama ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana saboda mutanen ɓoye, ta yi ta gyaɗa kai kamar ta san su. Wani tsoron dai yana da tushe: ganyen da ɓawon da ɗanyen 'ya'yan akwai guba a ciki, suna sa amai da gudawa, shi ya sa baƙaƙen 'ya'yansa da ke nuna a ƙarshen damina sai an dafa.

Yanzu ga gaskiyar da kika tambaya. A baki, zoɓonki ya fi. Nasu ƙamshi ne da sukari, babu citta, babu kanumfari, ba abin da zai kama maƙogwaro ka san ka sha wani abu. Inda suka fi mu kwalba ce. A kasuwar manoma ta Kaiser-Josef-Platz, matar ƙauye za ta kawo nata na gida, amma da takarda a jiki: sunanta, abin da ta zuba, da ranar lalacewa. Ke kuwa safe da yamma kina neman tsofaffin robobi kina wankewa, in wuta ta ɗauke kwana 2 jarin ya yi tsami. Robar ma a nan kuɗi ce, tun farkon 2025 ana ɗora santi 25 a kan robar lemo da gwangwani, in ka mayar cikin na'ura a ba ka abinka. Jihar nan tamu ta Steiermark har gonaki take da su na wannan itacen, yawanci don 'ya'yan da ake yin kalar abinci da su.

Zoɓon kansa na gan shi a kantin shayi, sun rubuta Hibiskus, a 'yar takarda da ba ta cika tafin hannu ba, kuɗinta sai na lissafa da naira na ajiye a hankali. Na tuna buhunan da ake lodawa a Maigatari ana kaiwa Mekziko.

Ranar Lahadi, da yake kantuna a rufe suke, na dafa ɗan ragowar zoɓon da kika aiko min, na sa cokali 2 na ruwan furen maimakon sukari. Tsohuwar ta sha kofi biyu ta nemi na uku. In mai zuwa ya samu, ki aiko min da mudu ɗaya da busasshiyar citta, ni kuma na ajiye miki kwalba guda, na naɗe ta cikin zani.