Na gama kallon Ertugrul, sai na koma bin tarihinsa

Sai da na kwashe kusan wata huɗu kafin na ga ƙarshen Diriliş: Ertuğrul. Kashi 150 ne, kowanne wajen awa biyu, wanda tashar TRT 1 ta Turkiyya ta haska daga Disambar 2014 zuwa Mayun 2019.

Dawakai da faɗan takobi ne suka fara riƙe ni. Ashe wata tawagar ƙwararru daga Kazakistan ce ta horar da 'yan wasan kan sukuwa da harbin kibiya, kuma horon ya nuna, dubi yadda Engin Altan Düzyatan, wanda ya fito a matsayin Ertugrul, ke juyi a kan sirdi kamar a nan aka haife shi. Tantunan Kayi, ƙabilar Ertugrul, kuwa a Riva aka kafa su, wani ƙauye a gefen Istanbul. Tun da na ji haka idona ya buɗe, na fara gane bishiyoyin da ake yi wa jarumin kwanton ɓauna a bayansu, yau su ne, gobe ma su ne.

Da na koma tarihi jikina ya ɗan yi sanyi. Abin da aka tabbatar game da Ertugrul bai cika tafin hannu ba: sunansa a kan wani tsabar kuɗi na ɗansa Usman wanda ya kafa Daular Usmaniyya, kabarinsa a garin Sogut, da rasuwarsa wajen 1280. Fim ya ce Sulaiman Shah ne mahaifinsa, alhali masana da dama sun fi karkata ga Gunduz Alp. Ibn Arabi, shehin sufayen nan da ke ɓullowa duk lokacin da jarumi ya shiga tsaka mai wuya, a Dimashƙ ya rasu a 1240, kuma babu shaidar sun taɓa haɗuwa. Wannan ya ɗan sosa min rai, don fitowarsa na fi jira.

Mugayen ne, abin mamaki, suka fi tsayuwa a tarihi. Baiju Noyan, kwamandan Mongolawa, shi ya karya rundunar Saljuƙawa, masu mulkin yankin a lokacin, a Kose Dag a 1243. Sa'aduddin Kopek ma mutum ne na gaske, wanda ya riƙe fada a hannunsa bayan rasuwar Sarkin Saljuƙawa Ala'uddin a 1237.

Jan labari ya yi yawa, kowane zango sai an ƙirƙiro sabon maci amana wanda kowa ya gane sai mai sarautar. Duk da haka daren da Ertugrul ya sare kan Kopek na yi kabbara ni kaɗai a ɗaki, kodayake a tarihi Sarki Kaikusrau na biyu ne ya sa aka kashe shi.