Shagon ayyukan ɗalibai a Birni: abin da na gani da abin da na saya

A wani lungu na unguwar Birni da ke Zinder, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram, akwai ɗan shago mai ɗaki biyu da ke karɓar ayyukan hannu na ɗaliban lise (babbar sakandare) da na jami'a, yana baje su, kuma yana sayarwa ga mai so. Na je sau biyu kafin in rubuta wannan sharhi, domin ziyarar farko ta zo daidai da ɗaukewar wuta, ban ga komai da kyau ba.

Ɗakin farko bai ɗauki hankalina ba. Zanen ƙofar fada ne da dagi da raƙuma, an yi su da fenti a kan kwali, kuma a fili yake cewa baƙi aka yi wa su. Hannun yaran yana da kyau, amma da wuya mutum ya bambance aikin wannan da na wancan.

A ɗaki na biyu ne kuɗin kabu-kabuna ya fita. Wata ɗaliba ta samo jar fatar akuya daga majema, ta zana fuskar kakarta da wuƙar dukanci, ta fito da tsagar Barebari ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗora tata fuskar a gefe ba ko ɗigon aska. Duk wanda ya san cewa gidan sarautar Damagaram daga Barebari ya samo asali, kuma ƙasar ta daɗe tana kai gaisuwa Barno kafin ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19, zai gane tambayar da yarinyar take yi wa kanta, ita da ta tashi ba ta jin wani harshe sai Hausa da Faransancin lakwal. Na daɗe a tsaye a wurin. Ɗinkin gefen fatar ya karkace, amma ban ga ya rage wa aikin komai ba.

Kusa da shi wani saurayi ya yanyanka tsofaffin jarkoki masu ruwan ɗorawa, ya harhaɗa su da waya, suka zama siffar yaro yana tura kura. Ba a buƙatar bayani ga mutumin Zinder da ya taɓa kwana a layin famfo a lokacin bazara. Akwai kuma allo da aka yi wa zayyana da tawada, sai dai a tsakiyarsa hoton mahaifiyar mai aikin ne da aka ɗauka da wayar hannu a tasha, ranar da za ta tafi Aljeriya neman abinci kamar matan Kance da yawa. Ban tabbata kowane malami zai yarda a yi wa allo haka ba, kuma ni kaina na ɗan yi jim.

Inda shagon ya gaza shi ne kulawa. Babu takardar da ke nuna sunan aiki ko kayan da aka yi shi da su, ƙurar hunturu ta kwanta a kan zanen gawayi har ta fara cinye shi, kuma farashi sai an tambaya. Da na yi magana, mai shagon ya ce, “Wallahi Malam, gilashi ya fi ƙarfinmu,” wanda gaskiya ne, amma leda mai haske ba ta fi ƙarfin kowa ba a Kasuwar Dole. Na yaba masa a kan abu guda: ya buɗe littafinsa ya nuna mini kason da yake ba kowane ɗalibi, da sa hannun waɗanda suka karɓa.

Fatar ba ta sayarwa ba ce, domin yarinyar ta ce kakarta tana raye kuma ita za ta kai wa. Na sayi ƙaramin zanen gawayi na duwatsun Birni a kan jika uku bayan ciniki, aka naɗe mini shi a tsohuwar takardar siminti.