Zango biyu a kwas ɗin shirya shirin rediyo da podkas: abin da na samu da abin da ya rage

Ranar da muka fara shiga situdiyon sashenmu, ba a bar kowa ya taɓa makirfo ba. An raba ajin gida-gida, mu shida ne a namu. Injiniyan situdiyon, wani dattijo da ya daɗe yana aiki a gidan rediyo kafin ya dawo jami'a, ya ja ƙofar nan mai nauyi ya rufe, ya miƙa wa kowa abin sauraro na kunne, ya ce mu yi shiru na minti ɗaya. Shirun ya naɗa. Da ya kunna mana shi ya ƙara sauti, sai ga ƙugin na'urar sanyaya ɗaki, ga kukan kujerar da wani ke juyawa a kai, ga agogon hannun wata yana ƙas-ƙas. Dukkanmu muna cikin ɗakin, amma babu wanda kunnensa ya kama ko ɗaya daga ciki. Tun daga ranar ban sake shiga wuri da rakoda ba tare da na tsaya na saurari wurin tukuna ba.

Zango biyu na yi a kwas ɗin, kuma ƙannenmu na aji biyu sun yi ta tambayata ko su zaɓe shi. Amsata ita ce su zaɓa, amma su san abin da za su tarar. Ɓangaren rediyo an gina shi da kyau, masu koyar da shi sun yi aikin da hannunsu. Ɓangaren podkas kuwa, wato shirin murya da ake ɗorawa a intanet a saurara lokacin da aka ga dama, ɗora shi aka yi a sama, bai kama ƙasa ba.

Naɗar murya ita ce inda kwas ɗin ya fi ƙarfi. Makonni huɗu muka yi a kanta, kuma ban ga ranar da aka ɓata ba. An nuna mana cewa duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirfo, ƙarfin muryar yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), hayaniyar ɗaki kuma tana nan yadda take, shi ya sa wanda ya ja da baya yake zama kamar yana magana daga cikin rijiya. Injiniya ba ya amfani da abin awo, tafin hannu yake sawa tsakanin bakinka da makirfo ya ce nan ne wurinka. Ya koya mana mu riƙa barin allurar sauti tana kai-komo wajen -12, domin idan ta buga 0, wato ƙololuwar ma'aunin, muryar ta fashe, kuma fasasshiyar murya ba ta ɗinkuwa yadda take tun asali. Ya ware mana makirfo iri biyu: mai juriya irin Shure SM58, wanda tun 1966 ake ƙera shi kuma ba ya buƙatar wuta, da kuma mai kaifin ji na situdiyo wanda sai an tura masa wutar lantarki mai bolt 48 ta cikin wayarsa mai haƙora uku kafin ya yi aiki. Har harafin da ke busa iska a makirfo sai da muka bi ɗaya bayan ɗaya. A bakin da yawa daga cikinmu "f" ce ta fi yin ɓarna, musamman masu furta ta da leɓɓa a haɗe. Ka ce "fara" ko "fita" kai tsaye cikin makirfo, sai ka ji bum a kunne. Maganin shi ne ka ɗan karkatar da makirfon gefen baki, iskar ta wuce, muryar ta shiga.

Duk da wannan karatu, aikina na farko a waje sai da ya lalace. An ce kowa ya yi hira da wani ma'aikaci, na zaɓi mai gadin dare na ɗakin kwananmu, mutumin da ya shekara goma sha wani abu yana aikin. Muka zauna a ɗan ɗakinsa, ya buɗe mini ciki sosai, ya ba ni labarin daren da ya ɗauki wani ɗalibi a bayansa zuwa asibiti. Na cire abin sauraro daga kunnena don kada ya ji kamar ina nesa da shi. Da na dawo na kunna, ƙugin wani tsohon firiji da ke kusurwar ɗakin ya bi hirar daga farko har ƙarshe, minti 22 cur. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san irin wannan magana ba a maimaita ta sau biyu da zuciya ɗaya. Na kai wa injiniya, na ce, "Baba, akwai abin da za a iya yi?" Ya zaunar da ni, ya nuna mini cewa ƙugin wutar lantarki yana zama ne a 50 ko 60 a ma'aunin Hertz, gwargwadon wutar ƙasar da kake, kuma idan aka yanke duk abin da ke ƙasa da 80 yawancin muryar mutum tana tsira. Ya ragu sosai, amma bai tafi duka ba, don ƙugin yana da 'ya'ya a sama, a 100 da 150. Ya ce in koma in naɗo shirun ɗakin na minti ɗaya da firijin a kunne, domin manhaja ta gane abin da za ta cire. Awa biyu ya zauna da ni, ranar da ba ta aikinsa ba ce.

Da manhajar Audacity muka koyi tace sauti. Wasu a ajin sun so a ce da manhajar da manyan gidajen rediyo ke saya aka koya mana, amma ni ina ganin sashen ya yi daidai. Kyauta ce, tana aiki a ƙaramar kwamfuta, kuma ita kanta a jami'a aka haife ta: Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1999, aka sake ta ga jama'a a 2000. Ɗalibin da ya gama karatu zai tafi da ita gida, ba sai ya nemi lasisi ba. Malamar da ta ɗauke mu tacewa ta sa na mayar da minti 22 ɗin nan zuwa 5. Karon farko na share duk wani numfashi da duk wani "to" da "ka gane", sai mai gadin ya koma kamar na'ura ce ke karanta takarda. Ta mayar mini da aikin, ta nuna mini wani wuri da ya yi shiru na daƙiƙa uku kafin ya faɗi cewa yaron ya rayu. Na yanke shirun don in sami lokaci. Ta ce in mayar da shi, in nemi daƙiƙa ukun a wani wuri. Da na mayar na saurara, sai da tsigar jikina ta tashi. A wannan darasin ne kuma ta ja mana kunne a kan amana: almakashin da ke cire tari shi ne zai iya haɗa farkon wata jimla da ƙarshen wata, ya sa mutum ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, kuma mai sauraro ba shi da hanyar ganewa. Duk wanda ta kama ya juya maganar baƙonsa, sifiri take ba shi.

Rubutu don kunne ma an koya shi da kyau, ko da yake makonni biyu sun yi kaɗan. Jimla gajera, muƙamin mutum kafin sunansa, adadi a dunƙule, kuma komai sai ka karanta shi da ƙarfi kafin ka shiga situdiyo. Mu masu gabatarwa da Hausa muna da ƙarin aiki, tun da rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kana cikin karatu kai tsaye sai ka ci karo da "gari", ba ka san na zama ba ne ko na tuwo sai ka kai ƙarshen jimla. Littattafan kwas ɗin ba su san da wannan ba, mu muka ƙirƙiri 'yan alamominmu da jan biro.

Gidan rediyon jami'a ya ba kowane rukuni rabin awa a mako. Nan na san darajar agogo: idan labarai za su shigo ƙarfe biyar daidai, daga can kake lissafowa baya, ka san daƙiƙar da taken rufewa zai tashi.

Matsala ta farko ita ce situdiyo ɗaya ne tak ga ajin gaba ɗaya. Awa biyu rukuni ke samu a mako, mutum shida, kuma a kowane rukuni akwai mai baki da ke kame makirfo da mai kunya da ke ƙarewa a riƙon takarda. Na san waɗanda suka ci kwas ɗin da maki mai kyau ba su taɓa zama a gaban na'urar haɗa sauti ba, saboda makin na rukuni ne. Rakodar fita waje guda huɗu ce, ɗaya murfin batirinta da salatif aka ɗaure shi. Wannan abu ne da sashen zai iya gyarawa ko da bai sayi komai ba: a sa kowane ɗalibi ya miƙa aiki ɗaya da ya yi shi kaɗai tun daga naɗa har tacewa.

Ta biyu ta fi ci mini rai, domin sunan podkas yana cikin sunan kwas ɗin. Lakca biyu aka yi a kai, duka tarihi: cewa ɗan jarida Ben Hammersley ne ya fara rubuta kalmar a jaridar Guardian a Fabrairun 2004, cewa Apple ya shigar da podkas cikin manhajarsa ta kiɗa, iTunes, a 2005. Gaskiya ne, kuma ya zo a jarrabawa. Amma ba a taɓa sa mu buɗe shiri mun ɗora shi ba. Ba a nuna mana cewa podkas yana tafiya ne ta RSS, wato wani fayil da ke ɗauke da jerin shirye-shiryenka wanda Spotify da Apple Podcasts ke leƙawa su ɗauko sabo ba. Ba a faɗa mana cewa ƙarfin sautin da ya dace da rediyo daban yake da na waya ba: ƙa'idar da ƙungiyar gidajen watsa labarai ta Turai ta fitar a 2010 tana kan -23 a ma'aunin LUFS, Apple kuwa -16, wanda ya fi ƙarfi, yake ba masu podkas shawara, saboda mai sauraro yana cikin mota ko yana tafiya a titi. Shirina na farko da na ɗora da ma'aunin rediyo, ƙawata ta ce sai da ta ƙure sautin wayarta kafin ta ji. Batun haƙƙin mallakar kiɗa ma a jimla ɗaya aka wuce shi, alhali gidan rediyo yana da yarjejeniyar da ke ba shi damar sa waƙoƙi, mai podkas a ɗakinsa ba shi da ita. Kuma an ɗauka podkas rediyo ne da aka ajiye a intanet, ba a tsaya a kan bambancin ba: mai sauraron rediyo yana kama ka a tsakiya, mai sauraron podkas shi ya zaɓe ka, daga farko zai fara, kuma yana iya barinka a minti na farko. Duk waɗannan da kaina na nemo su a hutun zango.

Wanda yake son aikin gidan rediyo, kwas ɗin zai kai shi bakin ƙofa da kayan aikinsa a hannu. Wanda podkas ya kawo shi, ya shiga don naɗa da tacewa, sauran ya shirya nema da kansa, kuma ya riƙa zuwa situdiyo a ranakun da babu layi, don injiniya ba ya korar mai tambaya.

Hirar mai gadin ita na gyara na miƙa a matsayin aikin ƙarshe. Bayan an ba da maki na kai masa a waya, na sa masa abin sauraro a kunne. Ya saurari minti biyar ɗin bai motsa ba, har wurin shirun nan na daƙiƙa uku. Da ta ƙare ya ce, "'Yata, tura mini, zan kai wa iyalina su ji." A ƙaramin fayil na MP3 na tura masa, don babban fayil na WAV ya fi ƙarfin wayarsa.