Kashin kaji, na shanu ko takin bola: wanne za ka saya wa lambu da gonar wake?

Tunda buhun takin zamani, kamfa da yuriya, suka yi tsadar da suka yi, kowa ya koma neman takin gargajiya, har kashin kajin da a da ake roƙon mutum ya zo ya kwashe yanzu sai ka biya kuɗi tun kafin a share ɗakin kajin. To kafin ka zuba kuɗinka ka fara tambayar kanka me zan shuka, domin abin da tumatir yake so daban, abin da wake yake so daban.

Kashin kaji shi ne mai ƙarfi a cikinsu, naitirojin ɗinsa, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, ya fi na shanu nesa ba kusa ba, shi yasa masu tumatir da attarugu da kabeji a su Kadawa da Kura da ke jihar Kano suke rububinsa in rani ya kama. Amma fa kala biyu ne a kasuwa kuma masu sayarwa ba kullum suke faɗa maka ba. Akwai na kajin ƙwai da ke cikin keji, wannan zallan kashi ne, akwai kuma na kajin nama wanda yake haɗe da dusar katako ko ɓuntun shinkafa da aka shimfiɗa musu, buhu ya cika fam amma rabi shimfiɗa ce, kuma dusar katakon in bata ruɓe ba ita ma sai ta ci naitirojin ɗin ƙasa kafin shukarka ta samu, ka ga ganye yana yin ɗorawa kana mamaki alhali ka sa taki. In kuɗinsu ya yi kusa ɗauki na keji. Ka zura hannu har tsakiyar buhun ba baki kawai ba, wasu suna haɗawa da yashi don ya yi nauyi. In ka ji zafi a hannunka ko warin ya doki hancinka har ido na ruwa, ɗanye ne, zai ƙone maka dashe. Tara shi a inuwa kana yayyafa ruwa kana juyawa na wasu makonni sai ya yi baƙi ya huce.

Kar kuma a ruɗe ka da cewa buhu ɗaya zai maye gurbin takin zamani. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, kashin kaji mai kyau bai fi wajen kashi 3 ba, kenan in nauyin buhunan ɗaya ne kana buƙatar kusan buhu 15 kafin ka kamo buhu ɗaya na yuriya, sai ka lissafa da kuɗin mota. Ribarsa tana wajen gyara ƙasa da riƙe danshi, kuma baɗi ma za ka ci moriyarsa.

Kashin shanu sanyi gare shi, baya ƙuna sosai, yana da araha in kana kusa da ruga ko kara, matsalarsa nauyi da irin ciyawa, duk abin da saniya ta ci a daji zai tsiro maka a fangali. Na awaki da tumaki ya fi shi ƙarfi kuma busasshe ne, ni dai a wajen albasa da karas shi na fi so.

Takin bola kam, manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasarsa a mangala da tifa, yana aiki, amma bolar yanzu leda ce da kwalba da tsoffin batura, in ba za ka tankaɗe ba gara ka barshi, musamman a latas da ake ci ɗanye. Kan maganar ɗanyen ci ma, dokar noma da takin gargajiya a Amurka ta ce in ɗanyen kashi ne a bar kwana 120 tsakanin sawa da girbi ga abin da yake taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda baya taɓawa.

Yanzu wake da gyaɗa da waken suya, nan ne mutane suke asarar kuɗi. Waɗannan suna haɗa naitirojin ɗinsu da kansu ta ƙananan ƙullutun da ke jikin saiwa, tuge ɗaya ka fasa ƙullutun, in cikin ja-ja ne to suna aiki. Ka labta musu kashin kaji da yawa, ganye zai yi shar ya rufe gona kana murna, lokacin ɗiba ka rasa ƙwanso. Abin da suke nema fosfaras ne, don haka ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki daidai misali, da ɗan supa, wato takin zamani mai fosfaras, in aljihu ya yarda, ya wadatar. Mai waken suya ya nemi Nodumax na cibiyar binciken noma ta IITA, wato garin ƙwayoyin da ke sa saiwa ta yi waɗannan ƙullutun, da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, amma ka duba ranar lalacewarsa kuma kar ka sayi wanda ya sha rana a shago, ƙwayoyin cikinsa masu rai ne.

Toka tana da amfani wajen potash, wani sinadarin da shuka ke buƙata, kuma kyauta ce a murhu, sai dai kar ka haɗa ta da kashin kaji a tuli ɗaya, naitirojin ɗin zai bi iska. Zuba kowanne a lokacinsa.