Sharhi kan kamfanin Umara da ya fito da gwaggona daga Saudiyya bayan wa'adi ya wuce

Kamfanonin shirya tafiyar Umara sun yi yawa a Birnin Kebbi, kuma kusan dukkansu haja ɗaya suke tallatawa: biza cikin sauri, masauki kusa da Harami, da tikitin jirgi daga Kano ko Abuja. A wannan fage da wuya mutum ya bambance su, domin fitar da biza ya koma aikin kwamfuta. Ana gane mai riƙon amana a cikinsu ne ranar da matafiyi ya zarce wa'adinsa a ƙasar mutane, lokacin da kuɗi sun riga sun shiga aljihu kuma babu wata riba da ta rage. A kan wannan ma'auni zan auna kamfanin da ya yi wa gwaggona hidima a Umarar azumin 2025. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda maganar tawa ta haɗa yabo da suka.

Zan fara da sukar, domin daga nan matsalar ta samo asali. Bizar Umara tana ba mutum damar zama kwana 90 a Saudiyya, kuma wannan adadi shi kaɗai ma'aikatan kamfanin suka faɗa wa gwaggo lokacin da ta karɓi takardunta. Abin da ba su faɗa mata ba shi ne cewa Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya tana tsayar da ranar da dole kowane mai Umara ya bar ƙasar kafin shirye-shiryen aikin Hajji, ko kwanakinsa sun cika ko ba su cika ba. A 2025 ranar ita ce 29 ga Afrilu, wadda ta yi daidai da 1 ga Zulƙi'ida 1446, kuma daga wannan rana aka hana duk wanda ba ya riƙe da bizar Hajji shiga Makka ko zama a cikinta. Gwaggo ta tafi a goman ƙarshe na azumi da niyyar ta ɗan zauna wajen 'yarta da ke aure a Jidda bayan Sallah, tana lissafin cewa tana da sarari har cikin watan Yuni. Tikitin komawarta yana daf da ranar rufewa, amma babu wanda ya nuna mata haɗarin da ke cikin hakan, ko ya kira mu bayan fitowar sanarwar ranar ya ce a matso da ranar tafiya. Kamfanin da sana'arsa ke nan bai kamata ya bar tsohuwar da ba ta karatun boko ta dogara da abin da ta ji a baki ba.

Ana saura kaɗan ta taso, ciwon suga ya kayar da ita, aka kwantar da ita a asibiti a Jidda. Jirgi ya tashi babu ita, ranar rufewa kuma ta wuce tana kan gado. Inshorar lafiya da ake haɗawa cikin kuɗin bizar Umara ta ɗauki nauyin jinyar gaggawa, wanda ya rage mana wani nauyi, amma zamanta a ƙasar ya riga ya saɓa wa doka.

A nan ne na ga bambanci tsakanin masu zama a teburin gaba da mai kamfanin kansa. Yaron da na fara tararwa a ofis ya ce mini in kwantar da hankali, tara ce ta kwana-kwana da ake biya a filin jirgi. Wannan tsarin Dubai ne yake ba ni labari, inda Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke cajin dirhami 50 a kan kowace rana da mutum ya ƙara. Kowace ƙasa da nata hukunci, kuma kuskure ne babba a auna wata da mudun wata. A Amurka, alal misali, ƙarin kwana ɗaya kacal yana soke bizar da mutum ya shiga da ita, wanda ya zarce kwana 180 kuma ana hana shi komawa shekara 3, idan ya kai shekara guda hanin ya zama shekara 10. Ita kuwa Saudiyya, a cikin watan Afrilun 2025 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gidanta ta sanar da cewa wanda ya ƙi fita bayan ƙarewar bizarsa yana iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, da ɗaurin da ya kai wata 6, sannan a kore shi. Da na ɗauki maganar yaron nan na tura gwaggo filin jirgi da 'yan riyaloli a hannu babu wata takarda, Allah kaɗai ya san inda za ta kwana.

Mai kamfanin, dattijo ne da ya daɗe yana kai alhazai, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Malam, abu na farko shi ne kada Hajiya ta ɓuya, kada kuma wani ya ɓoye ta. Ka sa 'yarta ta karɓo rahoton likita mai hatimin asibiti, da ranar da aka kwantar da ita da ranar da za a sallame ta, yau ɗin nan." A gabana ya kira kamfanin Saudiyya da suke hulɗa da shi, wanda ta hannunsa bizar ta fito, ya ba su lambar fasfonta, ya ce su shigar da bayaninta wajen Jawazat, wato hukumar shige da fice ta ƙasar, a matsayin marar lafiya. Ya kuma bayyana mini dalilin gaggawar ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Doka ta ɗora wa kamfanonin Umara tarar da ta kai riyal 100,000 idan ba su kai rahoton wanda ya zarce wa'adi ba, saboda haka ko mun so ko mun ƙi za a kai sunanta. Abin da ya rage a hannunmu shi ne sunan ya shiga tare da hujjar rashin lafiya, kafin a rubuta ta cikin waɗanda suka gudu. Na ji daɗin wannan gaskiyar, domin bai yi mini da'awar cewa don Allah da Annabi kawai yake yi ba, ya nuna mini cewa wuyansa ma yana ciki.

Abin da ya fi ɗaga darajarsa a idona shi ne amsar da ya bayar ga wata shawara da ta fito daga cikin dangi. Wasu suka ce tunda Allah ya tsayar da ita har wannan lokaci, ai kiran Hajji ne, ta lafe a gidan 'yarta har ta sauke farali, kamar yadda 'yan takari suka saba yi tun zamanin kakanni. Da na kai masa maganar, sai ya girgiza kai ya ce: "Ka gaya wa manya wancan zamani ya wuce. An ɗauki hoton yatsunta ranar da ta shiga, kuma babu ƙofar fita da ba za ta nuna ta ba." Ya tuna mini cewa a shekarar 2025 tarar yin Hajji babu izini ta kai riyal 20,000, tare da kora da hanin shiga ƙasar na shekara 10, kuma wanda ya ba mutum mafaka shi ma yana da nasa hukunci, wato da mun jefa 'yarta da mijinta cikin wuta. Ni kuma na ƙara da abin da kowa ya ji a Hajjin 2024, lokacin da hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 sun rasu a tsananin zafi, kashi 83 cikin 100 daga cikinsu marasa izinin Hajji, waɗanda ba su da tanti mai sanyi ko motar ɗauka. Mai ciwon suga da ta fito daga gadon asibiti ba ta da abin yi a cikin wannan sahu. Ƙarshen masu ɓuya kuwa sananne ne, tsare su ake yi a Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, har ranar da za a ɗora su a jirgi.

Wakilin kamfanin Saudiyyar ya raka ta da mijin 'yarta ofishin Jawazat da rahoton likita da tsohon tikitin da ya nuna cewa ta yi niyyar fita a kan lokaci. Mai kamfanin ya nace a tafi da sabon tikiti a hannu, yana cewa jami'i ya fi saurin sauraron wanda ya zo da ranar tafiya. Ya kuma ba mu lambar ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda ko da buƙata za ta taso, amma ba ta taso ba. Ta fito ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz kamar kowane matafiyi, ta sauka a Kano, muka ɗauko ta zuwa gida. Duk tsawon lokacin wayarsa a buɗe take, ko da dare na kira yana ɗauka.

Suka ta biyu ta shafi kuɗi. Sabon tikiti mun biya, wannan kuma babu gardama, domin farashin ya bayyana a takardar kamfanin jirgi. Amma an ce mu tura wani dunƙulallen kuɗi da aka kira kuɗin hidimar can, zuwa asusun wani ma'aikaci maimakon asusun kamfani, kuma da na nemi a rarrabe mini nawa ne na hukuma, nawa ne ladan wakili, nawa ne na mota, sai aka yi ta ce mini in bari Hajiya ta dawo tukuna. Ta dawo, rasit bai fito ba. Ba na zargin cewa an cuce mu, mai yiwuwa kowace naira ta tafi inda aka ce, amma mutumin da tsohuwarsa ke kwance a wata ƙasa ba ya iya ciniki, kuma saboda haka ne ya wajaba a rubuta masa komai dalla-dalla.

Ga wanda zai tura tsoho ko marar lafiya Umara, musamman a azumi da ranar rufewa ke kusa, ina ganin kamfanin ya cancanci a ba shi aiki, domin yana da abokin hulɗa na gaske a Saudiyya kuma mai shi ya san doka. Sai dai ya wuce teburin gaba ya nemi ganin mai kamfanin, ya sa a rubuta masa a jikin rasit sunan kamfanin Saudiyya da bizar za ta fito ta hannunsa, da lambar wakilinsu a Makka ko Jidda, da ranar ƙarshe ta barin ƙasar, sannan ya sayi tikitin dawowa mai tazarar akalla mako biyu kafin wannan rana. Duk kuɗin da za a nema daga baya kuma ya tura shi asusun kamfani, bayan an aiko masa da bayanin abin da zai biya a rubuce.